Ƙaramar katafila ta hannu don aikin garka a gida: in saya ko in haƙura?

Mushe Mai Ritaya

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe, don ni alli na sani. Shekara 34 na yi ina koyarwa a lakkwal kafin in aje aiki.

Gidana yana bakin garin Damagaram, ta hanyar Miriya. A bayansa akwai kango da na saya tun 2009, mita 30 a kan mita 40, na zagaye shi da katanga na bar shi, awakin uwargida ne kawai ke cin moriyarsa. Yanzu da na samu lokaci ina so in mayar da shi garka. Ina so in dasa itatuwa 20, mangwaro kaɗan, sauran lemu da gwaiba, in bar gefe guda na zogale da salati. Kun san halin ruwa a garin nan, in watan Afrilu ya kama sai famfo ya kwana uku bai ɗiga ba, shi ya sa nake so in haƙa wurin tara ruwan sama, tsawo mita 4, faɗi mita 3, zurfi mita 2, a yi masa siminti, ruwan indararo ya riƙa zuba a ciki da damina. Akwai kuma kututturen dogon yaro guda biyu da suka gagari gatari, da ramin tiyo daga gida zuwa ƙarshen kangon.

Ɗan ƙanwata da ke kai da komo tsakanin nan da Kano ya aiko mini da bidiyo ta WhatsApp. Ƴar ƙaramar katafila ce mai haƙa, irin wadda masu aikin hanya ke ce wa poklen, amma jaririya. Kubota U17 aka rubuta a jikinta. Mai ita ya ce daga Beljiyam ta zo, ƙirar 2012, agogonta na nuna awa 2,100. In aka juya kuɗin zuwa sefa suna kamawa miliyan 6 da rabi. A bidiyon ta ɗebi ƙasa ta juya ta zubar kamar mai ɗibar tuwo, ni kuwa tun ranar ba na barci sosai. Gwiwata ba ta ɗaukar diga da shebur yanzu, kuma na gaji da rigimar leburori, a fara aiki yau, gobe a ce an tafi suna. Tunanina shi ne in saya in yi aikina, daga baya in riƙa ba da haya tana shigo da ɗan na cefane.

Kuɗin nan kusan duk abin da na tara ne. Uwargida ta ce ba ta hana ni ba, amma yadda ta faɗi maganar kun san ma'anarta. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan inji, don Allah me ake dubawa? Kuma ya dace da ƙasarmu?

Bakaniken Zango

Wa alaikumus salam Mushe. Ni na yi shekaru ina gyaran manyan injunan haƙa a kamfanin aikin hanya kafin in buɗe garejina, ƙanana irin wannan ma sun biyo ta hannuna, ba da yawa ba dai.

Kubota inji ne na gaske, ba zan ɓata mata suna ba. U17 nauyinta wajen tan 1.7, tana haƙa zurfin mita 2 da ɗoriya, injinta mai silinda uku ne, ba shi da tarkacen kwamfuta irin na manya, duk wanda ya iya gyaran dizal zai iya kwance shi. Sai dai cinikin biri a sama ake so a yi da kai. Bidiyo na minti ɗaya bayan inji ya yi zafi ba ya nuna kome.

Fara da agogon awar nan. Kada ka ɗauke shi da muhimmanci. Ana cire shi a sa wani cikin minti goma, wani lokaci ma lalacewa yake yi da kansa a canza. Inji na 2012 da awa 2,100 kawai, ke nan bai kai awa 200 a shekara ba. Yana yiwuwa, amma a Turai yawancin irin waɗannan na kamfanonin haya ne, yau hannun wannan gobe hannun wancan. Jikin injin ne ke faɗin gaskiya. Dubi inda ake taka ƙafa, dubi robar sandunan tuƙi, dubi kujera. In sun suɗe sun yi sulɓi, to awar ta fi haka.

In ka je, ka je da sassafe ba tare da ka faɗa masa lokaci ba. Ka sa hannu a kan injin ka tabbata sanyi ƙalau yake, sannan a tayar a gabanka. Ɗan hayaƙi na farko ba kome. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ya ƙi ɗaukewa, mai yake ƙonawa. Fari mai yawa bayan ya ɗumama, ko ruwa na shiga ko allurar gazuwal ta gaji. Buɗe murfin da ake zuba mai yana aiki, in yana fesar iska kamar bututun tukunya, cikinsa ya tsufa.

Amma injin ba shi ne abin tsoro ba. Abin da ke karya mutum shi ne idrolik, wato tsarin matsin mai da ke motsa hannu da sarƙa. Famfon idrolik da motocin nan biyu da ke juya sarƙa, kowane ɗaya in ya mutu sai ka yi maganar ɗaruruwan jikkuna, wani ma ya haura miliyan, kuma ba za ka same su a kasuwar Dole ba. Kano ma ba tabbas, sau da yawa sai an aika Legas ko a yi oda daga waje, injin yana zaune wata biyu. Ka sa a yi aiki da shi awa ɗaya cikakkiya, ba minti biyar ba, don famfon da ya gaji yana da ƙarfi in mai na da sanyi, da mai ya yi zafi sai hannun ya mutu. A garinmu da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, wannan shi ne gwajin farko. A kafa bokitin a ƙasa a ɗaga gefe guda na injin, a juya sarƙar gaba da baya, sannan ɗaya gefen. Su yi gudu daidai. A tuƙa shi a miƙe, in yana karkata gefe, mota ɗaya ta raunana. A miƙe hannun a sama da ƙasa cike a bokiti, a kashe, ku yi hira minti goma. In ka waiwaya ka ga ya sauko sosai, robobin ciki sun tafi.

Sai gaɓoɓi. Kama bokitin da hannu ka girgiza. Ɗan motsi dole ne, amma in yana ƙwal-ƙwal kamar haƙorin tsohuwa, ƙusoshin da mazauninsu sun ci. Wannan ana gyarawa a nan, mai injin sassaƙa ƙarfe zai yi maka. Wanda ba a gyarawa da sauƙi shi ne babban zoben da jikin ke juyawa a kansa. Dubi sandunan nan masu sheƙi, kada a samu karce ko tsatsa, don su ke yanka roba mai ya yi ta zuba. Dubi hannun da kyau, sabon fenti a wuri ɗaya kawai walda ce aka rufe. Sarƙar roba kuma, in ka ga wayoyin ƙarfe sun leƙo ko ta tsattsage, ka cire kuɗin sabuwa daga ciniki tun yanzu, don ranarmu da tsakuwarmu ba za su bar ta ta shekara ba.

Abu na ƙarshe, ƙura. Da hunturu sai ka busa matatar iska kusan kullum, ka wanke radiyata, ka sa giris a kowace gaɓa kafin a fara aiki. Inji in ya sha ƙura ta matatar da ta huje, wata ɗaya ya ishe shi.

Tambayata gare ka Mushe: ka taɓa haƙa rami a kangon nan ka ga abin da ke ƙasa?

Hajiya Mai Garka

Sannu Mushe, Allah ya sa albarka a niyya. Ni ban san idrolik ba, amma a Miriya aka haife ni cikin garka, kuma yanzu haka da ita nake ciyar da marayu shida. Bari in yi maka lissafi irin na ɗalibanka.

Wurin ruwanka 4 sau 3 sau 2, ƙasa mita 24 ke nan in an auna ta tsawo da faɗi da zurfi. Ramin itace, santimita 80 ta kowane gefe ya isa, ashirin ɗin su haɗu su ba da kamar mita 10. Ramin tiyo na mita 40 bai fi 6 ba. Duka 40. Shi ke nan fa aikin da za ka saya wa injin miliyan 6 da rabi. Injin zai gama shi cikin kwana biyu ko uku, ranar ta huɗu ya koma wurin kwanan kaji. Samari huɗu masu ƙarfi, in ƙasa mai taushi ce, mako ɗaya zuwa kwana goma sun gama. Rigimar da kake yi da leburori, ina jin kuɗin yini kake biya. Daina. Yi jinga da su, rami kaza kuɗi kaza, ka auna da sanda a gabansu, kuma ka nemi mutanen ƙauye masu cin rani bayan an gama girbi, ba yaran gari ba. Ka ba su fura da rana. Ba za ka ji maganar suna ba.

Kuma itatuwa 20 a fili 30 a kan 40, ka rage buri. Mangwaro yana son mita 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, lemu mita 6 ko 7. In ka cusa su, bayan shekara shida inuwa za ta kashe maka salatin da zogalen.

Abin da ya fi damuna da maganarka shi ne ruwa. Rami ba shi ke raya itace a Damagaram ba. Wurin tarawarka in ya cika maƙil lita 24,000 ne. Ƙaramin dashe da bazara yana shan bokiti biyu a yini, ka ce lita 30. Sau 20, lita 600 kullum. Kwana 40 ya ƙare. Mu kuwa ruwan sama yana ɗaukewa ƙarshen Satumba, ba ya dawowa sai Yuni ko Yuli. Wata takwas ko tara da me za ka shayar? Mu a Miriya ruwa yana kusa, shi ya sa kakanninmu suka yi garake a nan ba su yi a Birni ba. Ku kuna zaune a kan dutse, ruwan famfonku ma daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram ake turo shi. In da ni ce da kuɗin nan, da mai binciken ruwa zan fara kira ya duba ko wurin zai ba da rijiya. In ya ce babu, in ƙara girman wurin tarawa, in sayi tanki, in ja tiyo mai ɗigo, in fara da itace takwas.

Kututturen dogon yaron kuma, a tone gindinsa a sare saiwoyi, a tara kara a cinna masa wuta kwana biyu. Haka muke yi tun ina yarinya.

Ɗan Transit

Barka da hutawa Mushe. Ni aikina fitar da kaya ne a duwan, wato kwastan, don haka ta nan zan tsoma baki.

Miliyan 6 da rabin nan kuɗinta ne a Kano, ba kuɗinta a ƙofar gidanka ba. Ba ta hawa bayan Hilux, nauyinta ya fi ƙarfinta, sai ka ɗauki motar kanta ko kamiyo, da katakai ko gadar hawa. Tafiyar ta haura kilomita 200, ko ta Daura da Matamaye ko ta Magarya, kuma kowace hanya da masu tsayar da ita. Sannan duwan ɗinmu. Ba su kallon abin da ka ce ka biya kawai, suna da nasu ƙiyasin. Kafin ka ba da ko dala, ka ɗauki hoton farantin lambar da ke jikin injin, da shekararsa, da nauyinsa, ka kai wa mai transit ya lissafa maka a rubuce. Na ga mutum ya bar kaya wata uku a iyaka saboda bai yi wannan ba.

Ka kuma nemi takardun da ta shigo Najeriya da su, lambar da ke takarda ta yi daidai da ta jikin ƙarfe. Ƙananan injunan nan ana yawan sace su a Turai saboda sauƙin ɗauka. In farantin an cire ko an goge, ka juya ka tafi ko da rabin kuɗi aka bar maka.

Wasu za su ce ka yi oda kai tsaye daga Faransa ko Beljiyam tunda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ka tsoron faɗuwar kuɗi. Gaskiya ne, amma tun 2023 da hanyar Kwatano ta toshe kaya suka koma ta Lome su ratsa Burkina Faso, an ƙara kwanaki an ƙara kuɗi, sannan daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900. Wasu kuma za su nuna maka sabbi ƴan Sin masu tan ɗaya a intanet da araha. Yawancinsu injin silinda ɗaya ne irin na injin niƙa, wannan kam ana samun kayansa, amma ƙarfen hannun da famfon sai abin da ka gani.

Maganar haya, ka yi tunani. Injin nan tafiyar mutum ta fi shi sauri, duk inda za a kai shi sai an ɗauka a mota, je da dawowa. Gazuwal an mayar da lita sefa 618 a ragin da aka yi a 2024, ko da yake matatar mai ta SORAZ na nan kusa da mu, kuma yana shan kamar lita 2 zuwa 3 a awa. Wannan ba shi ne matsala ba. Direba ne matsala. In ka ba yaro, kuɗin hannunsa, gyara hannunka.

Na Garin Malam

Mushe ka saya mana! Mu ma mu samu na aro in za mu haƙa salga. Amma da gaske, ka auna ƙofar kangon? Wani maƙwabcinmu ya sayo injin markaɗe sai da aka fasa zaure kafin ya shiga. Kuma ka tambayi tsofaffin unguwa ko an taɓa yin salga ko rijiya a wurin aka cike. Tan biyu in ya hau kan tsohuwar salga, da kai da Kubota sai an kira ƴan kwana-kwana.

Mushe Mai Ritaya

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Kwana biyu ban amsa ba saboda na tsaya yin aikin gida da kuka ba ni.

Na Garin Malam, na auna. Ƙofar kangon ta waje mita 1 da santimita 10 ce. Ɗan ƙanwata ya ce ƙafafun injin suna tsukewa su koma ƙasa da mita ɗaya kaɗan, to za ta shiga, da ƙyar dai. Salga babu, ni na fara katange wurin.

Malam Bakanike, tambayarka ce ta tayar da ni. Ban taɓa haƙawa ba, shekara goma sha ina kallon yashi a sama ina zaton haka yake har ƙasa. Jiya na sa yara biyu suka yi ramin gwaji wuri uku. Ta gabas, wajen katangar maƙwabci, sun kai mita ɗaya da rabi yashi ne da jar ƙasa, shebur kawai. A tsakiya tsakuwa ta fara daga santimita 70. Ta yamma, daidai inda na zana wurin tara ruwa saboda nan indararo ke zuba, santimita 60 diga ta yi tsalle ta ba da wuta. Dutse ne shimfiɗe, irin wanda ke tsaye a Birni, mun share gefe da gefe ba mu ga ƙarshensa ba. Na zauna a kan bokiti na daɗe ina kallonsa.

Hajiya, lissafinki na sake shi da alƙalami har sau biyu ina neman kuskure, ban samu ba. Da ɗalibata ce ke da na ba ki 20 bisa 20. Na karanta wa uwargida, ta ce a gaishe ki da kyau, har sau biyu ta faɗa.

Amma ban cire rai gaba ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya. Tambayata yanzu: in an sa wa injin nan hamar fasa dutse, na ga ana yi a bidiyo, zai iya da wannan?

Bakaniken Zango

Mushe, hamar da inji mai tan 1.7 ke ɗauka ta fasa daɓen siminti ce da kwalta da marmara. Dutsen Damagaram ƙanƙararre ne, za ta yi ta tsalle a kansa tana fitar da gari, ƙusoshin hannu su ci, mai ya tafasa, kuma hamar kanta wasu kuɗin ne daban. Manyan da na yi aiki da su masu tan 20 ma suna jin jiki a kansa. Maƙwabcinka mai katangar ƙasa kuma ba zai gode maka da girgizar ba.

Mayar da wurin ruwan gabas inda ƙasa ke da taushi, ka ja ruwan indararo da tiyo, amma ka bar aƙalla mita 2 tsakaninsa da katanga, kuma a yashi kada a haƙa bango a tsaye, a kwantar da shi, yana ruftawa da mutum. Ko kuma ka gina shi a kan dutsen nan rabi a sama, ka samu tushe kyauta wanda ba zai taɓa nutsewa ba, ruwa ma ya riƙa gangarowa garka da kansa ba sai da famfo ba.

In har zuciyarka na kan inji, akwai ƴan kwangila a garin nan masu tarakta mai bokiti gaba da hannun haƙa a baya, suna ba da haya da yini tare da direbansu. Ba za ta shiga ƙofarka ba, sai an buɗe katanga mita 3 a mayar. Ranar Alhamis ina shigowa kasuwa sayen kaya, in na gama bayan azahar zan biyo in ga dutsen da idona. Ka bar ramukan a buɗe, ka dai rufe su da ƙaya saboda awaki.